Goro: Kalmar Da Ta Tafi Fatauci Ta Komo Cikin Kwalba

 Albishirinku!

Madalla. Mun ji duk kun amsa baki ɗaya, kun ce, "Goro!" Ba wanda ya tsaya yin tunani. In da mun ƙara tambaya mun ce, "Fari ko ja?" da kun ce, "Fari tas!" To, wannan kalma da ta fito daga bakinku ita za mu ɗauka yau mu duba. Ga ta a allo: goro. Harufanta huɗu ne kawai, baƙi biyu da wasali biyu. Gaɓarta biyu: go, ro. Wanda ya shigo ajin nan makon jiya ma yana iya rubuta ta. Amma kada ku raina ta don ƙanƙanta. Ta riga kakanninmu ganin teku, ta je Amurka, ta sake kama, ta komo Kano, mutanen gidansu ba su shaida ta ba.

Ga abin da ya jawo zancen. Da yawa cikinku, in an gama girbi, kukan tafi cin rani Kano. Waɗansu sukan nemi aiki a unguwannin masana'antu guda uku: Bompai, da Sharaɗa, da Challawa. Bompai ita ce tsohuwa, tun zamanin Turawa aka fara kafa injuna a can, ana matsar man gyaɗa, ana yin alewa da kwanuka. Sharaɗa da Challawa daga baya aka buɗe su. A Challawa, kusa da kogin da ta ci sunansa, akwai majemu na zamani. Akwai kuma gidan aikin kamfanin Nigerian Bottling Company, inda ake ɗura lemon nan baƙi cikin kwalabe. Kun sha ganin manyan motoci suna fitowa da shi, har kantin ƙauyenku yana zuwa. A jikin kwalbar an rubuta kalmomi biyu: Coca-Cola. Ta biyun, watau Cola, ana karanta ta "kola". To, kola ɗin nan ba kowa ba ce, goro ce ta sa rigar Turawa. Bari mu bi sawunta daga farko.

Abin mamaki na fari shi ne, itacen goro ba ya yi a ƙasarmu. Ku zaga Kano da Katsina da Sakkwato, ba za ku ga gonar goro ba. Shi itacen kurmi ne, yana son ruwan sama mai yawa da inuwa. Yana yi a kurmin Yamma, tun daga Gini da Saliyo da Laberiya, har Kodebuwa da Gana da kudancin Nijeriya. Tun da itacen baƙo ne, sai mu tambaya, sunan fa, wa ya raɗa masa?

Ku saurari yadda maƙwabtanmu ke kiransa. Zabarmawa suna cewa goro. Filani suna cewa goro. Barebari suna cewa goro. Bambarawa na ƙasar Mali suna cewa woro. Mutanen Wolof na ƙasar Senegal suna cewa guro. Kun ji kamar 'ya'yan mutum ɗaya: goro, woro, guro. A arewacin Kodebuwa ma akwai wani yanki da ake kira Worodugu. A bakin mutanen can woro shi ne goro, dugu kuwa gari ko ƙasa. Watau ƙasar goro ke nan.

Yanzu ku saurari waɗansu mutanen kurmi, masu itacen a bayan gida. Yarabawa suna cewa obi. Ibo suna cewa oji. Tonawa, watau mutanen Asante na ƙasar Gana, suna cewa bese. Waɗannan ba su yi kama da goro ba ko kaɗan. Me wannan ya nuna mana? Ya nuna cewa masu itacen kowa da sunan da ya gada, amma mu masu saye, daga bakin tekun Senegal har tafkin Cadi, suna ɗaya muka karɓa. Dalili kuwa shi ne, sunan tare da kayan ya zo, a bakin fatake. Masana tarihi suna ganin Wangarawa, fataken ƙasar Mali, da mutanen Songai, su suka yaɗa shi. Littafin Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun iso Kano zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385. Littafin nan kuma ya ce Sarkin Nupe ya aika wa Sarauniya Amina ta Zazzau goro 10,000, kuma zamanin Sarki Abdullahi Burja, daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyar Gwanja. Wani matafiyi mutumin Fas, Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambaci wannan ɗan itace mai ɗaci da sunansa cikin littafinsa da aka buga a 1550. Kun ga kalmar ta daɗe a bakin mutane.

Da hanya ta buɗe, sai Hausawa suka riƙe fataucin. Gwanja tana arewacin ƙasar Gana ta yau, babbar kasuwarta kuwa Salaga. Can Tonawa ke kawo goro daga kurmi. A Kano, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka shahara da wannan tafiya. Ayari yakan tashi da madugu da jagaba, da jakuna da 'yan alaro, ɗauke da kanwa da baƙin turkuɗi da fatu. Su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Borgu, su yi wata da watanni kafin su kai. Wani ayarin sai ya shekara bai komo ba. Goro kuwa kaya ne mai son lele. A naɗe shi cikin ganye a yi huhu, a riƙa yayyafa ruwa, a riƙa kwancewa ana tsince wanda sankara ta kama, don kada ya ɓata sauran. Ku lura, sunan wannan cuta ta goro, sankara, shi muka ara muka sa wa ciwon nan mai cin jikin mutum daga ciki. Duk inda ayari ya sauka kuwa zango ne. Har yau a Gana unguwar baƙi Musulmi zongo ake ce mata. Wannan ma kalmarmu ce da fatake suka bari a can.

Daga baya hanya ta sake. Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955, yana cikin waɗanda suka riƙa ɗauko goro daga Gana ta jirgin ruwa zuwa Ikko. Da goro ya kafu, sa'an nan ya shiga cinikin gyaɗa, zuriyarsa kuma suka kai ga kafa masana'antu. Ashe ko dukiyar injuna ma tana da saiwa cikin huhun goro. Manoman ƙasar Yarabawa kuma suka dasa irin goron Gwanja da yawa, suna kiransa gbanja, watau sunan Gwanja ne ya bi shi. Shi ya sa Hausawa masu cinikin goro suka cika Sabon Shagamu, shi ya sa kuma yawancin goron da ake saukewa a kasuwar Mariri ta Kano daga kudu yake fitowa.

To, wannan tafiyar tudu ke nan. Saura ta ruwa. Turawan Fotugal su ne farkon Turawa da suka biyo bakin tekun Yamma cikin jiragen ruwa. A wajen Saliyo suka tarar mutane suna taunar wani ɗan itace, suna ba shi daraja ƙwarai. Mutanen Temne na can suna kiransa kola. Baƙin nan suka rubuta abin da kunnensu ya ji. Amma su da harafin c suke rubuta sautin k, don haka suka rubuta cola. Ɗaya daga cikinsu, Almada, ya ba da labarin cinikin cola cikin littafin da ya rubuta a 1594. Daga bakin mutanen Fotugal kalmar ta shiga Ingilishi da Faransanci da sauran harsunan Turai. A 1832 masana tsirrai suka raɗa wa dangin itacen duka suna Cola. Goron da muka fi ci suna ce masa Cola nitida, hannunruwa kuwa Cola acuminata.

Ku faɗi kalmomin biyu a hankali: goro, kola. Ku ji inda g ke fita a baki, ku ji inda k ke fita. Wuri ɗaya ne, can wajen ganɗa. Haka r da l, duk da bakin harshe ake yinsu, har yaro mai koyon magana yakan musanya su. Saboda haka masana harsuna da yawa suke ganin goro da woro da guro da kola duk tushensu ɗaya, bakin mutane ne ya sassaƙa su, kowa yadda ya fi masa sauƙi.

Akwai kuma tafiya ta baƙin ciki. Mutanen da aka kama aka ƙetarar da su teku zamanin cinikin bayi, an raba su da gida da dangi, amma ba a iya raba su da kalmominsu ba. Har yau a tsibirin Jamaika ana kiran goro bisi, daga bese na Tonawa. A ƙasar Barazil ana kiransa obi, yadda Yarabawa ke faɗi.

Yaya aka yi kola ta shiga kwalba? Cikin goro akwai wani sinadari mai kore barci da gajiya, masana suna ce masa kafeyin. Shi ne kuma ke cikin gahawa da shayi. Shi ya sa direba da mai gadi da mai aikin dare a Bompai ba su rabuwa da goro a aljihu. Da Turawa suka gane haka, sai masu haɗa magani suka riƙa sa shi cikin abin sha. A 1886, a birnin Atlanta na ƙasar Amurka, wani mai haɗa magani, John Pemberton, ya haɗa wani abin sha da ganyen koka na Amurka ta Kudu da kuma goro. Akawunsa, Frank Robinson, shi ya haɗa sunayen biyu ya ce Coca-Cola. A 1898 wani mai haɗa maganin, Caleb Bradham, ya sa wa nasa abin shan suna Pepsi-Cola. Tun daga nan kalmar ta sami sabuwar ma'ana. Yau in ka je Jamus ko Japan ka ce kola, ba wanda zai miƙo maka ɗan itace, baƙin lemo za a ba ka. A 1951 aka kafa kamfanin Nigerian Bottling Company, a 1953 ya fara ɗura lemon a Ikko, daga baya aikin ya iso Kano. Kalma ta gama zagaya duniya, ta komo garin masu cin goro.

Amma ga inda gizo ke saƙa. A 2011 waɗansu masana a ƙasar Italiya suka bincika ruwan Coca-Cola da na'ura, ba su sami alamar goro a ciki ba. Yawancin lemon da ake kira kola yau haka yake. Ba laifi muke ɗora wa kowa ba, don masu yinsa sun rubuta abin da ke ciki a jikin kwalba: ruwa mai iska, da sukari, da abin ba da launi, da abin ɗanɗano, da kafeyin. Wanda ya iya karatu zai gani da idonsa. Abin da muke so ku riƙe shi ne wannan: suna ya komo, amma ɗan itacen bai biyo shi ba. Suna daban, abin da ke ciki daban.

Kafin mu wuce, ga gargaɗi ɗaya. Ba duk kalmomin da suka yi kama ne 'yan'uwa ba. A harshen mutanen Sifen, cola tana nufin wutsiya, tana kuma nufin layin da mutane ke bi suna jira. Wannan daga tsohon harshen Rumawa ta fito, ba ruwanta da goro. A harshen Fotugal, cola tana kuma nufin abin liƙi, irin gam, daga harshen Yunanawa. In kun yi aiki a Sharaɗa da wani Bayarabe mai suna Kola, kada ku ce sunansa goro. Gajarta sunan aka yi, kamar Kolawole, mai nufin a kawo arziki gida. A Hausa ma ku dubi allo: goro, gora, gori. Harafi ɗaya ne ya bambanta su, amma na fari ana ci, na biyu ana zuba ruwa, na uku kuwa yana raba zumunci. Mai karatu sai ya dubi kowane harafi.

Yanzu mu komo gida, mu ga abin da mu Hausawa muka yi da kalmar. Mu ne muka fi kowa cika ta da ma'ana. Da goro ake neman aure, da goro ake ɗaura shi. Ranar suna ana raba goro. Ana kai wa malami, ana kai wa suruki, ana ba baƙo. Muna ƙirga shi da ƙwarya, ƙwarya ɗaya goro 100. Muna da marsa, muna da daushe, muna da goriya wadda ake zaɓa don manya. Saboda goro ya zama abin kyauta, sai kalmar ta bar itacen ta koma kan kyautar kanta. Goron sallah yana iya zama kuɗi ko turmin atamfa. Goron albishir yana iya zama riga. Goron gayyata yau takarda ce ko saƙon waya. A duk waɗannan babu ɗan itace, amma abin da ke ciki yana nan, watau alheri da girmamawa. Shi ya sa magabata suka ce ƙaramin goro ya fi babban dutse. Maƙwabtanmu ma haka suke. A ƙasar Ibo ba a fara zance da baƙo sai an fasa goro an yi addu'a.

Sai dai akwai wata ma'ana da ta ɓullo, wadda ta ɓata wa kalmar suna. Bari mu ba ku labarin wani ɗan ajinmu, ba za mu faɗi sunansa ba. Wata shekara ya tafi cin rani, ya je ƙofar wani gidan aiki yana neman a ɗauke shi lebura. Aiki kuwa ya yi wuya, don gidajen aiki da yawa a unguwannin nan uku sun rufe saboda ƙarancin wutar lantarki da kayan waje masu araha da suka cika kasuwa. Yana tsaye sai wani mutum mai tsabtar riga ya matso, ya ce, "Samari, aiki kake nema? Ni ke rubuta sunaye. Kawo na goro, gobe ka fara." Yaron nan ya ji an ambaci goro, zuciyarsa ta kwanta, don a ƙauyensu goro abin mutunci ne. Ya kwance kuɗin akuyar da ya sayar ya miƙa. Mutumin ya yi ɗan rubutu a takarda ya ba shi. Gari ya waye, yaro ya zo, ba mutum ba dalilinsa. Mai gadi ya dubi takardar ya ce ba ta gidan ba ce. Sa'an nan ya nuna masa wani allo a jikin ƙofa, daidai inda ya tsaya jiya. An rubuta da Hausa da Turanci cewa ba a ɗaukar ma'aikata yanzu, kuma ba a biyan ko kwabo don neman aiki. Rubutun yana gabansa wuni guda, bai iya karanta shi ba. Wannan shi ya kawo shi ajin nan, yau kuwa shi ke karanta wa mahaifinsa wasiƙa.

To, jama'a, wannan ba goro ba ne, cin hanci ne aka sa wa rawani. A Turancin Nijeriya ma kola ta sami wannan mummunar ma'ana. Yaya za mu bambanta? Ga alamu uku. Goron gaskiya mai bayarwa ke niyya, ba a tambayarsa. Goron gaskiya a fili ake ba da shi, gaban mutane, har a sa albarka. Goron gaskiya ba ya sayen hakkin wani. Duk goron da aka roƙa a ɓoye, don a ba ka abin da yake hakkinka ne, ko don a ba ka abin da yake hakkin wani, sankara ta ci shi. In aka bar shi cikin huhu, sauran ma za su ruɓe. Kada ku bayar, kada ku karɓa. Ku nemi ofishin gidan aikin, ku karanta abin da aka liƙa, in an karɓi kuɗinku bisa ƙa'ida ku ce a ba ku rasiɗi, ku karanta shi kafin ku tafi.

Kun ga darasin kalmar nan ɗaya ne, ko a kwalba ko a bakin ƙofa. Suna yana iya tafiya ya bar abin da ke cikinsa a baya. Wanda bai iya karatu ba sai ya dogara ga abin da aka faɗa masa. Wanda ya iya kuwa yakan juya kwalba ya duba, yakan ɗaga kai ya karanta allo, yakan karanta takarda kafin ya sa hannu. Fataken Gwanja ba su taɓa sayen huhu ba su kwance shi ba. Mu ma kada mu karɓi kalma sai mun kwance ta.

Ga aikin da za ku yi kafin zama na gaba. Na ɗaya, kowa ya rubuta goro, gora, gori, sau biyar biyar, ya sa kowace cikin jimla. Na biyu, ku sami wani tsoho ko tsohuwa a unguwarku, ku tambaye su sunayen irin goron da suka sani, ku rubuto mana. Na uku, in akwai Bafillace ko Babarbare ko Bayarabe a kasuwarku, ku tambaye shi yadda ake kiran goro da harshensu, ku gwada da abin da kuka ji yau. Na huɗu, ku sami kwalba ko gwangwani ko leda mai rubutu, ku zo da ita mu karanta tare.

Da farko mun yi muku albishir, kun ce goro. Ga albishirin: duk wanda ya karanta wannan jawabi da kansa daga farko har nan, ya fita daga sahun waɗanda ake cuta da takarda. Goron da muke so kuwa ɗaya ne, kowa ya jawo mutum guda daga gidansu, namiji ko mace, ya kawo shi aji.

Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya tsare mu daga goron da ba na alheri ba. Amin. Mu kwana lafiya.